Jitar da Malam ya kawo mini a buhu

Shekarun baya ina da rumfar kafinta a Dukawuya. Ƙofa nake gyarawa, da benci, da taga. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da hannu zai iya shi na sani.

Wata Laraba da hantsi sai ga limamin masallacinmu, dattijo ne ɗan asalin Barno, rungume da buhu. Bai tsaya a bakin rumfa yadda ya saba ba. Ya shige can ciki bayan katako, ya yafito ni.

Ya buɗe buhun. Jita ce.

Na dube ta, na dube shi. Mutumin da ko rediyo aka ƙure da waƙa sai ya aiko a rage. Na ce, "Allah gafarta Malam, faskarawa za a yi?"

Ya ce, "Gyarawa."

Ya nuna mini gindinta. Akwai ɗan ƙarfe kamar maɓalli inda ake maƙala maratayi. Yana ta lilo, ramin sukurun da ya riƙe shi ya cinye. Na tambaye shi ta wace ce. Ya ce, "Jibi nake so."

Na sa sukundireba na murɗa. Sukurun yana juyawa, ba ya kamawa. Sai na ɗauko ƙusa 'yar inci uku da guduma, don ni abin da ya ƙi zama haka nake yi masa. Malam ya cafke mini hannu.

"Kafinta, ba ƙyauren bayi ba ne."

Ya tafi ya bar ni da ita. Na ƙwanƙwasa jikinta da yatsa, na ji cikinta fanko ne. Da na buga ƙusar nan da ta tsage. Na wuni ina kallonta. Na ce ko ƙwace ta ya yi a hannun samari. To mai ƙwacewa yana gyarawa? Har na yi zaton gwada imanina yake.

Can na tuna yadda nake yi wa ƙofar da ramin sukurunta ya buɗe. Na samo tsinken ashana uku, na cire kawunansu, na shafa musu gam, na cusa a ramin, na karye abin da ya yi saura. Washegari na mayar da sukurun nata na asali. Ya shiga da ƙyar, ya zauna daram.

Ranar Juma'a da safe Malam ya dawo. Ya taɓa maɓallin. Sannan ya ce ta babban ɗansa ce. Ya taɓa tarar da shi a soro yana kaɗawa, ya fizge ta daga wuyansa. A makon ɗan ya bar Kano, shekara da shekaru bai waiwayo ba.

"Yau zai sauka. Uwarsa ce ta roƙe shi. In ya tarar da ita yadda na bar ta, ba zai kwana ba."

Sai ya rataya ta a wuyansa, a kan babbar riga da rawani. Ya ce, "Ja."

"Malam?"

"Ja da ƙarfi. Ni ranar ban tausaya ba."

Na ja. Saura kaɗan liman ya faɗo kaina. Maɓallin bai motsa ba.

Na ce, "To Malam, yanzu ta halatta ke nan?"

Ya ce, "Ban ce ba." Ya mayar da ita buhu ya fita.

Ban taɓa jin sautinta daga gidan ba. Wa'azin Malam a kan kiɗa bai canza ba ko da kalma ɗaya. Amma ɗan ya yi kwana tara. Ranar da zai koma na gan su wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Jita a bayan ɗan, ba buhu. Malam a gefensa, riƙe da jakarsa. Mutane suna kallon Malam, ni maɓallin nake kallo.

Har yau ban gane ba. Mutum ya ƙi abu, kuma ya tsaya a kan a gyara shi da kyau. Na yi tunanin har na gaji na bari. Abin da ya rage mini shi ne, in aka kawo aiki yanzu, ba guduma nake fara ɗauka ba. Sai na ƙwanƙwasa tukuna, in ji ko cikinsa fanko ne.