Sandar da Aka Danƙa wa Mai Masaukinmu

Ana idar da sallar asuba muka bar Lafiya, ni da Baturen da nake yi wa tafinta, da 'yan dako. Shi wai so yake ya ga yadda kowace ƙabila ke mulkin kanta, ya kwatanta wannan da waccan, ya kai wa malaman ƙasarsu su riƙa koyarwa. Na ce ikon Allah, ashe har wannan ma karatu ne.

Hanyar Agyaragu damina ta cinye ta, laka har gwiwa. Amma doya kam sai wanda ya gani, ga araha. 'Yan dako suka nannarki sakwara har tafiya ta nemi gagararsu. A ƙasar Alago Bature ya ji daɗi, ga sarki, ga fadawa, kowa da mazauninsa. Wajen ƙabilar Tibi ya fara ɓata rai, don duk gidan da muka shiga sai a nuna mana wani tsoho daban.

Muka juyo arewa ta Arikya, muka hau duwatsu. Hawan nan, Allah kada ya maimaita mini. A can muka sauka gidan wani magidanci mai fara'a, wanda ya tsinci Hausa wajen kawo wake kasuwar Lafiya. Ya bar mana ɗakinsa, ya yanka mana akuya. Shi ya bayyana mana cewa su ba su da sarki. In magana ta taso, dattawa ke zama a kan duwatsu masu tsayi ɗaya, ba a tashi sai baki ya zo ɗaya. Wanda duk ya ɗaga kansa sama da 'yan'uwa, sai a daina cin abinci da shi, kuma a wurinsu gara mutuwa da haka.

Na fassara wannan tsaf, na kuma maimaita. Bature ya girgiza kai, wai a duk karatunsa babu jama'ar da ba ta da shugaba, ɓoye shi suke yi. Washegari ya tara mutane, ya ɗauko sandar sarauta ya miƙa wa mai masaukinmu, tunda shi ke magana da mu.

Bawan Allah ya kama hannun rigata. "Malam, faɗa masa, ni ba sarki ba. In na riƙe wannan, ba mai ci da ni."

Na faɗa. Bature ya yi dariya, wai kunya ce, za ta wuce, kuma ƙin karɓa tawaye ne. Kowa a wurin ya san abin da ke bin tawaye, wato sojojin Turawa. Mai masaukinmu ya karɓa. Dattawa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka watse.

Mun dawo Lafiya ta unguwar Bukan Sidi, Bature har da fito, wai bincike ya kammala, kowace ƙabila da sarkinta. Ni kuwa abin da na koyo shi ne, mai ilimin da ya riga ya yanke abin da zai gani, in bai same shi ba sai ya ƙera shi da hannunsa. Wallahi har yau raina a ɓace yake.

Ran kasuwar da ta wuce na hango mai masaukinmu a gindin bango, ya rame, ba wake a gabansa, sai sandar nan a jingine. Ya ce matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Na sayo masa tuwo, na ajiye, na juya zan tafi.

"Malam, zauna ka sa hannu," in ji shi. "Tun ranar nan ban ci da mutum ba."

Na zauna.