Kayen Ƙasashe Uku

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata Laraba a shekara ta biyu da soma fari, Baba ya jefar da basilla ya ce za mu bar Damagaram. Na san lokacin don na duba agogo, ni mai rubuta komai ce. Baba baduku ne a Birni, kuma fatun da ake kawo masa daga Droum duk na mushe ne, suna yagewa tun kafin a ɗinka.

"Ke mai lakwal," ya ce mini, ni 'yar makarantar boko, "duba mana ƙasar da za mu je."

A shekarar nan duk gidan da ya tashi sai ya bar mutum guda. Gidan ƙasa in ba a kwana a cikinsa zubewa yake yi, mu kuma ga Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ba ta iya hawa mota. Mu uku ne: Yaya, ni, da ƙanwata. Ba wanda ya faɗi wa za a bari, ni kuwa tsoro ya hana ni tambaya.

Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, na raba shi uku: Najeriya, Libiya, Kodebuwa. Ni da ko gaisuwa ke yi mini wuya, na bi gidajen waɗanda suka dawo ci-rani ina tambaya, kaina a sunkuye. Kwana nawa a hanya, wace takarda jandarma ke nema, ana sayen jaka da takalmi ko ba a saye. Duk na rubuta da jan biro da shuɗi.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. A gidanmu ni kaɗai ke jin Faransanci. Kano ba su bukatata, Libiya Yaya ya iya ɗan Larabcin allo. Abijan ta Kodebuwa ce kawai ba za su iya ba sai da ni. Na ƙara wa hanyar Libiya kwanaki, na cika shafin Kano da labarin masu kwana a tasha. Wani tsoho ya gaya mini cewa a zangon Abijan Hausa ake yi daga safe har dare. Wannan ban rubuta ba.

Na karanta musu a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, madam minista," in ji Yaya. "Ko da akuya kike magana?"

Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Abijan ke nan." Ranar na ci tuwon jar dawar taimako kamar naman salla.

Bayan mako guda ya kawo takardun tafiya daga komisariya, ofishin 'yan sanda, ya ce in cika, tunda rubutuna ya fi kyau. Na ƙirga su sau biyu. Huɗu ne: tasa, ta Inna, ta Yaya, ta ƙanwata.

"Baba, saura ɗaya."

"Gama waɗannan tukuna."

Na gama, ban goge ko harafi ba. Na sami Inna tana ɗaure tukwane.

"Inna, ina tawa?"

"Miƙo mini igiyar can," ta ce, ba ta ɗago ba.

Yaya kuwa cewa ya yi in rubuta masa yadda ake cewa "ba ni ruwa" da Faransanci, in manya-manyan baƙaƙe ne ya fi.

Kwana uku ina zagaya gidan da tambaya guda. A na huɗu na dawo daga lakwal da tsakar rana, na shiga ɗakin Kaka da rabin shinkafar da ake ba mu a can, a ƙulle cikin gyale. Ta karɓa tana ci da sauri, tana lashe yatsu.

"Kaka," na ce, "ko kin san dalilin da ba a yi mini takarda ba?"

Sai da ta tsince ƙwayar ƙarshe daga gyalen.

"Yo ni na zaɓe ki, tun daren da ubanki ya fara zancen tafiya. Yayanki ci gare shi, ƙaramar kuka gare ta. Ke lakwal na ciyar da ke, ba ki ci da yawa, kuma ko an cuce ki ba ki iya faɗa. Gobe ki ce su ƙara miya."