Wainar Fari ta Inna Rakiya

Matso kusa, ja tabarma ka zauna, in ba ka labarin Inna Rakiya mai waina ta Ƙofar Marusa. In ka taɓa bi ta lungunsu da hantsi, to ka shaƙi ƙamshin tandarta ko da ba ka san sunanta ba. Shekara talatin da wani abu ke nan tana wannan sana'a, tun tana goyon fari, har ga shi yau autarta Ramla na koyarwa a firamare.

Ita dai tana da ƙa'ida guda. Ƙullu ba ya faɗa wa ido gaskiya. Wani zai tashi ya yi kyau, ashe tsami ya yi masa yawa, wani kuma kanwa ce ta zarce. Saboda haka wainar da ta fara fita daga tanda kowace safiya tata ce. Za ta ɓare ta da zafinta, ta hura, ta kai baki, sannan ta san abin da za ta ƙara.

Bara sai idonta na hagu ya fara dishi-dishi. Ta riƙa zuba ƙullu a gefen gurbi, mai ya ƙone mata yatsu har sau biyu. A asibiti aka ce yanar ido ce, aiki ne ƙarami, amma sukarin jininta ya hau, ba za a taɓa idon ba sai ya sauka. Aka ba ta magani, aka ce ta dawo bayan mako shida. Likitan ya ƙara da cewa na daman ma ya fara. Wannan maganar ita ta tsaya mata a rai. Sai ka gan ta a tsakar gida ta rufe ido ɗaya da tafin hannu tana ƙirga kaji, don ta ga ko jiya ta fi yau gani.

Ramla ce ta zo da wani tsarin cin abinci da ta gani a waya, wai shi faliyo, ta kai wa likitan ya duba ya ce a gwada. Ba hatsi, ba sukari, ba nono, ba wake, ba gyaɗa. Sai nama da kifi da ƙwai da ganye da 'ya'yan itace, irin cimar mutanen da can kafin a san noma. Inna Rakiya ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Auta, wato mafarauciya za ki maishe ni da tsufana? Zogale ba ƙuli, wannan ai awaki ake ba."

Amma ta bi. Maƙwabciyarta Furera ta karɓi aikin ɗanɗano, tana leƙowa ta katanga kowace safiya a miƙa mata wainar fari. Mako uku Inna Rakiya na juya waina da tsinke, yawu na taruwa mata a baki, tana haɗiyewa. In abin ya taso mata da la'asar, lokacin da take dama fura a da, sai ta ɗauki goruba ta yi ta gurgura har haƙora su yi tsami.

A mako na huɗu ɗiyar Furera ta haihu, aka ba Inna Rakiya wainar suna. Shinkafar da aka kawo ba irin wadda ta saba jiƙawa ba ce, ƙullun kuma ya tashi wani iri. Furera na can cikin baƙi, ba mai ɗanɗanawa. A aika wa taron suna waina mai tsami, a unguwar da kowa ya san hannunta? Ta waiga, ta ɓari gefe, ta kai baki.

Kanwa ce ta yi kaɗan, ta gyara. Sai dai zuciyarta ta ɗauki abin kamar azumi: tunda ya karye, ai yinin ya tafi. Ta cinye ta farin, ta ƙara biyu, ta ƙara huɗu da miyar taushe, da aka aiko da kunun gyaɗa daga gidan sunan ma ba ta mayar ba.

Kafin azahar tsoro ya rufe ta. Gani take duk makonni ukun nan sun zube, gani take sukarin na hawa yana nufar idon dama. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta yi lissafinta ita kaɗai: abin da ya karye ramuwa ake yi. Washegari ta haɗiyi ƙwayar maganinta da asuba, ba ta sa komai a ciki ba har magariba. Rana ta biyu ta sake. Wajen ƙarfe tara tana gaban tanda, zufa ta karyo mata, tsinken ya fara rawa a hannunta, gurabun tandar suka zama biyu-biyu. Allah ya sa Furera ta shigo mayar da kwano, ta riƙo ta kafin goshinta ya kai ga mai.

Da Ramla ta dawo ta ji komai, sai ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafar uwar.

"Inna, wa ya ce maki ana ramuwa? In kin ci, kin ci. Sai ki koma kan tsarinki daga abinci na gaba, shi ke nan."

"To mi zan ce wa likita?"

"Gaskiya."

Gaskiyar kuwa ta faɗa ranar da suka koma asibiti, kanta a sunkuye. Likitan ya ce wainar bakwai ba ta tayar masa da hankali kamar yinin nan biyu ba. Sukarin ya sauka, amma bai zauna wuri ɗaya ba, don haka ya ɗaga aikin da mako uku. A Keke Napep ɗin da ya maido su, har suka wuce Ƙofar Durbi allunan shaguna take bi da ido tana gwada karantawa.

Yanzu ba ta hura wuta sai ta ci dafaffen ƙwai biyu da kabeji, don kada ƙamshin ya same ta da yunwa. Hakan ya rage kwaɗayin, bai kashe shi ba. Furera kuma harshenta na son zaƙi, masu saye har sun fara cewa wainar ta canja. Ramla ta kawo shawarar ta riƙa taunawa tana tofarwa, Inna Rakiya ta ce abincin Allah ba za ta tofar a ƙasa ba, ko da ba mai ganinta.

Saura kwana goma sha ɗaya a sake awon jini. Gobe kuma akwai wainar biki daga Ƙofar Ƙaura, Furera za ta tafi ƙauye gaisuwa. To kai da ke zaune kana saurare, in kai ne a gaban tandar nan gobe da safe, wainar fari ta fito tana tururi, ya za ka yi da ita?