Ƙyallen Teburin Mama Matta

Mama Matta ta Likoro ba ta sayen yadi da ido kaɗai. In ta je kasuwar Makarfi sai ta ɗaga shi saitin rana ta duba saƙar, ta murza gefensa da yatsu. In sitaci ya zubo kamar gari, ta ajiye. "Ɗana, wannan kwalliyar ƙarya ce," take ce wa mai shago. "Ba ni auduga zalla."

Tun da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse birni, surfani ya zama abokin zamanta. Ita ta ɗinka farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a teburin cocinmu. Sai da ta jiƙa yadin ya gama tsukewa kafin ta sa masa allura, kowane zare kuma ta gwada shi a ruwa don kada ya zuba. Zangarniyar dawa ta jera a gefe, ja da kore.

Duk Asabar takan zo ta wanke shi da ruwan sanyi, ta shanya a inuwa, ta goge ta baya a kan tawul don kada adon ya kwanta. Ranar ce kaɗai take wuni cikin mutane, masu sharar coci suna tsokanarta tana ramawa.

Bara zazzaɓi ya kwantar da ita. Beauty, sakatariyar zumuntar mata, ta ce za a taimaka mata. Wai taimako! Suka jiƙa ƙyallen a bilic, suka dirje, suka baza a rana tsaka. Jan zaren ya koɗe, yadin ya yage. Sai suka sayo ledar tebur mai furanni suka shimfiɗa, ba wadda ta leƙa ta gaya wa tsohuwa.

Na tare Beauty a ƙofar coci. "Ke, wa ya aike ki?"

"Haba Anti Paulina, ai leda ta fi sauƙi. A goge da tsumma, shi ke nan. Mun ma hutar da Mama."

"Ita ta ce muku ta gaji?"

Da Mama ta samu sauƙi ta zo da bokitinta da sabulu. Ta daɗe tana kallon ledar, sannan ta tambayi ƙyallenta. A sito aka ɗauko shi, har an fara goge benci da shi. Ta karɓa, ta ninke a hankali, ta sa a bokiti ta tafi. Daga ranar ba ta ƙara zuwa wajen masu shara ba. Ta zo ta yi me?

Na bi ta gida na ce in kawo sabon yadi ta sake wani. Ta ɗago allura ta nuna min.

"Paulina, na daina ganin kafar nan. Mai zura min zare ma babu."

Na zura mata zare a duk allurar da ke gwangwaninta, na soke su a jikin labule inda hannunta zai kai. Da na koma, suna nan yadda na bar su.