Sakin Seidu

Amalanke ya murƙushe ƙafafun Seidu a gangaren unguwar Maamobi a shekarar yunwa, 1983. Ina wurin. Ni ke riƙe da igiyar dama. Ban manta da ranar ba, kuma ko na so mantawa bakin mutane ba zai bar ni ba.

Ku yaran yanzu kuna cewa "sakin Seidu". In mutum ya tsere ya bar aiki a tsakiya, sai ku ce ya yi sakin Seidu. Mai sayar da wake da shinkafa tana faɗa wa 'yar aikinta. Direba yana faɗa wa yaron motarsa. Na taɓa jin wani malami ya faɗa a wa'azi, a kan mai barin salla. Ba ɗaya a cikinsu da ya san Seidu. To ku ji yadda aka yi.

Amalankenmu na katako ne, da tayoyi huɗu na tsohuwar mota. Ba shi da birki. Mutum huɗu ke aikinsa. Ɗaya yana gaba riƙe da ƙarfen juyawa, shi muke kira mai kai, kuma sai ka yi shekaru a baya kafin a ba ka kai. Sauran ukun suna baya. A hawa su tura, a gangare su ja. Kowa ya naɗe igiyarsa a hannu har gwiwa, ya kwanta baya, ya kafa dunduniya a ƙasa. Mu ne birkin. Akwai kuma guntuwar taya ɗaure da sarƙa, da muke jefawa ƙarƙashin tayar baya ta riƙa jan ƙasa.

Dokar aikin ɗaya ce. Na baya ba ya sakin igiya don ganin damarsa, ko hannunsa zai cire. Mai kai ne kaɗai ke cewa a saki. Yana faɗa ne in ya ga amalanke ya fi ƙarfin kowa, don kada ya ja na baya ya tafi da su. Shi kuwa ba ya saki. Seidu ne ya koya mini wannan ranar da na fara aiki, ina sabon zuwa daga ƙauyenmu a ƙasar Bawku. Ya ce, "Issaka, in na ce riƙe, riƙe. In na ce saki, kada ka tsaya gaishe ni."

A shekarar famfo ya ƙafe, ruwa ya zama kayan sayarwa. An koro mutane daga Najeriya, unguwarmu Nima ta cika da maza marasa aiki, ana ce musu 'yan Agege. Kowace safiya suna zaune bakin rumfarmu ta 'yan amalanke suna jiran wani ya faɗi su ɗauki igiyarsa. Yawancin amalanken rumfar na Alhaji Mumuni ne, shi ne kuma ke sayar da ruwan. Duro shida muke ɗauka. Ranar ya sa aka ɗora takwas.

Seidu ya ce, "Alhaji, ya yi yawa. Sarƙar tayar nan ta ci, na faɗa maka tun wancan makon."

Alhaji ya ce, "Seidu, in ba ka iyawa ka ajiye. Ga 'yan Agege can, sun fi ka jin yunwa."

Seidu yana da mata da 'ya ɗaya. Ya kama ƙarfe.

Ruwa mugun kaya ne. Bulo yana zama inda ka ajiye shi, ruwa kuwa yana tafiya a cikin duro, yana turo ka gaba. Mun shiga gangaren a hankali. A tsakiyarsa sarƙar ta tsinke. Na ji igiya ta fizge ni kamar an ɗaura ni a wuyan bijimi. Takalmina na taya ya cire, ƙafata tana gurzar tsakuwa. Mu uku muna kwance baya, amalanke yana gudu da mu.

A gindin gangaren mata ne zaune da dokunu, tuwon masarar nan da ake ƙullewa a ganye, da soyayyen kifi, da yara 'yan makaranta suna saye. Seidu yana ihun a ba da hanya, "Agoo! Agoo!" Ba wanda ya motsa da sauri, don kullum suna jin wannan kiran. A hannun hagu akwai babbar gota, kwatar ruwan unguwa, zurfinta ya fi tsayin mutum.

Seidu ya waiwayo sau ɗaya. Ya ce, "Ku saki!"

Biyun suka warware igiya suka faɗi. Ni tawa ta sarƙe, kuma tsoro ya hana ni tunani.

"Issaka, don uwarka, saki!"

Na fizge hannuna, fatar ta tafi da igiyar. Ina faɗuwa ya karya kan amalanken hagu da dukan ƙarfinsa. Ya faɗa gotar, shi a ƙasa, duro a kansa. Ko tiren dokunu ɗaya bai zube ba. Da ina naɗe da igiyar nan da tare muka faɗa.

A asibiti aka yanke masa ƙafar dama. Ta hagu ta warke a karkace.

Muna da al'ada a rumfa. Wanda aiki ya nakasa ba a korarsa. Yana zama yana gyaran igiya, yana liƙin taya, yana cin abinci a kwano ɗaya da mu har ya mutu. Amma in an ce shi ya jawo ɓarnar, ba shi da wannan. Don haka aka zauna gaban sarkin 'yan amalanke, Baba Tanko, tsoho ne da ya yi shekaru yana riƙe kai.

Alhaji ya kawo matan gindin gangare. Suka ce sun ji ya ce a saki, sun ga mutane sun saki, sun ga amalanke ya yo kansu. Ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka gani ke nan, kuma ba su san dokarmu ba. Alhaji ya ce, "Kun ji. Tsoro ya kama shi, ya watsar da aiki, ya hallaka mini dukiya."

Aka tambayi abokan igiyata. Suka ce abin ya faru da sauri, ba su gane komai ba. Suna magana suna kallon 'yan Agege a bakin rumfa.

Na tashi. Na ce duro takwas ne. Na ce sarƙa ta tsinke. Na nuna hannuna. Na ce mutumin da tsoro ya kama gefe yake tsallewa, ba ya shiga gota da ƙafarsa.

Alhaji ya yi dariya. "Wannan ɗan ƙauyen? Jiya ya sauko daga motar shanu, yau shi ne lauya."

Baba Tanko ya ce, "Ka gama, Issaka? Zauna."

Ya yanke cewa laifin Seidu ne. Bayan an watse na bi shi bayan masallaci. Na ce, "Baba, kai fa ka san dokar." Bai dube ni ba. Ya ce, "Na sani. Ka ƙirga mini amalanken da ba na Alhaji ba a rumfar nan."

Washegari wani ya ɗauki igiyata. Na koma dako a kasuwar katako, sai bayan Alhaji ya mutu na dawo rumfa.

Kafin in dawo maganar ta riga ta cika gari. Seidu yana zama a ƙofar wani masallaci a Nima, yana sayar da asuwaki da goro a faifai. Matarsa tana koko da safe. A gabansa ake faɗa. Yara suna ƙwallo, mai tsaron gida ya kauce, sai ka ji, "Kai, sakin Seidu!" Shi kuma yana miƙa wa wani goro. Wata rana na mari wani saurayi a kan haka. Seidu ya kira ni ya ce, "Mutum nawa za ka mara? Nima duka? Zauna ka ci goro."

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura.

Bayan shekara goma da wani abu na zama babba a rumfa, ina koya wa yara aiki. Akwai Fuseini, yaro mai ƙarfi da hankali, ni na ba shi kai. Na gaya masa dokar kamar yadda aka gaya mini. Ya yi dariya ya ce, "Baaba, ni ba Seidu ba ne. Ba za ka taɓa jin wannan kalmar a bakina ba." Sauran yaran suka tafa masa. Na ce masa wawa. Na ba shi labarin duka. Ya ce ya ji, irin jin da ake yi wa tsoho.

Siminti suka ɗauko, a wani gangaren. Amalanke ya ƙwace. Fuseini bai ce a saki ba. Biyu igiya ta suɓuce musu. Na ukun, Razak, ya riƙe kamar yadda muka koya masa, yana jiran a ba shi izini. Amalanken ya ja shi a kan kwalta har ya buga shi da bango. Bai kai asibiti ba.

Na sami Fuseini zaune a ƙasa, bai ji ciwo ko ɗaya ba. Na ce, "Me ya hana ka?" Ya ce, "Baaba, ta zo bakina. Na ji kunya."

A wurin jana'iza mutane suna yabon Razak. Suna cewa namiji ne, ya riƙe har mutuwa, bai yi sakin Seidu ba. Na ji da kunnena a bakin kabari.

Ban so in gaya wa Seidu ba, amma ya riga ya ji. Ya tambaye ni shekarun yaron. Na ce bai kai ashirin ba. Ya daɗe yana jera asuwaki a faifai. Sannan ya ce, "Ni na ɗauka ƙafa kawai na bayar."

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Nauyi ba ya kashe mu kamar yadda baki ke kashe mu. Wanda ya gani daga nesa shi ke ba da labari, wanda ya sani yana tsoron cikinsa, ya yi shiru. In magana ta yi daɗin faɗa, ba mai tambayar daga ina ta fito. Har yau ina gaya wa kowane sabon mai kai dokar. Suna cewa to. Ban ƙara jin wani ya ce a saki ba.

Bayan rasuwar matarsa, 'yarsa ta zo ta ɗauki Seidu. Yana can wata unguwa da ake kira Malam, a ɗakin bayan gidan mijinta. Ba ya fita ko ƙofar gida. Ya ce wa jikokinsa sunansa Baba kawai.