Ƙofar Garejin da Inna Baiwa Ta Hana a Sa

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, ina cikin aji aka aiko a kira ni ofishin shugabar makaranta. Da na ga mahaifiyata zaune a can, idanunta jawur, ban jira ta buɗe baki ba. Allah Ya karɓi ran kakata, Hajiya Baiwa, wadda muke kira Inna, a asibiti a nan Birnin Kebbi, bayan jinya ta 'yan makonni. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar aka kai ta Argungu, aka rufe ta kusa da mijinta.

Inna, kin fi kowa sanin ni ba mai magana ba ce. A zaman makoki mata sun yi ta ba da labarinki, ni kuwa ina gefe ina raba ruwa. Abin da na kasa faɗa a can shi nake rubutawa a nan.

Bayan rasuwar Kaka, mijinki, Baba ya ɗauko ki daga Argungu ya kawo ki sabon gidan da ya gina. Ya ba ki ɗaki a can ciki, mai fanka da labule. Kika ce ɗakin kamar rijiya yake, ba a jin sallamar kowa. A Argungu gidanki yana kan hanyar gulbi, masunta da masu albasa ba sa wucewa sai sun gaishe ki. Ba ki daɗe ba kika jawo tabarmarki zuwa gareji, wanda yake kallon titi, ba a kuma riga an sa masa ƙofa ba. Tun daga ranar, gardama ɗaya ce a gidanmu. Baba yana son ƙofa don motarsa ta kwana a gida. Ke kuma kin san ranar da aka sa ƙofar, ranar za a mayar da ke ɗakin can.

Baba ɗan farinki ne, don haka ba kya kiran sunansa, ba kya kuma yi masa magana kai tsaye. "Wancan mai mota" kike ce masa. Ko yana tsaye a gabanki, ni kike kallo ki ce in faɗa masa. Haka na zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da ke jin juna sarai, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu.

Ƙofar ƙarfe Baba ya fara kawowa. Ya zo da Sunusi mai walda ya auna bakin garejin. Ba ki tashi daga tabarma ba, sai da ya tsallake ƙafafunki da igiyar awonsa. Da ya tafi kika ce in faɗa wa wancan mai mota cewa ƙarfe a zafin Kebbi tanda ne, kuma damina biyu tsatsa za ta cinye gindinsa. Kika ƙara da cewa idon Sunusi ya fi daɗewa a cikin gida fiye da kan bango. Na isar da na farko, na biyun kuwa na tsaya ina murza bakin hijabina. Baba ya ce ba sai na faɗa ba, ya ji.

Sai ya koma katako. Ya ɗauka za ki so shi, tunda Kaka masunci ne, da jirgin katako ya ciyar da ku. Aka kawo miki guntu ki gani. Kika shinshina, kika kankare da farce, kika ce an shafa masa fenti ne don a ɓoye wani abu. Ko ma mai kyau ne, in ji ki, garar unguwar nan ba ta bar turmin maƙwabta ba, balle ƙofa. Da aka zo maganar irin wadda ake naɗewa sama, ta bakin shaguna, kika tambaya ko ke za a sayar. Kika ce ƙararta kaɗai ta isa ta tsinka wa tsohuwa zuciya.

Umma ce ta kawo shawarar da kowa ya ɗauka ta raba gardama: ƙarfe daga ƙasa, sanduna daga sama, iska ta shiga, ki kuma riƙa ganin titi. Baba ya ce da rana za a bar ta a buɗe, mota kuma da dare kawai za ta shiga. Sai kika dube ni.

"Rauda, hwaɗa mishi, kowace anka kawo da kwaɗonta za ta zo. Mabuɗin kuwa na san aljihun da za shi zamna."

Baba ya ce in faɗa miki ke za ki riƙe mabuɗin.

"Hwaɗa mishi na san ana yanka biyu."

Ba zan ce Baba ba shi da gaskiya ba. Motarsa a gidan maƙwabcinmu take kwana, kullum da safe sai ya je ya yi sallama ya jira a buɗe masa. Da ya gwada barin ta a waje, aka cire mata madubi. Abokan aikinsa suna tsokanarsa cewa ya gina wa tabarma gareji. Ni ma wani lokacin nakan ga kamar kin matsa masa. Amma bai taɓa ɗaga murya ba, ko da ta bakina.

Mutanen titi ba su san wannan gardama ba. Abin da suka sani shi ne randarki da ke bakin garejin. 'Yan kabu-kabu suna tsayawa su sha, haka 'yan makaranta da masu tallan kifi. Matan Argungu da na Gulma da suka zo asibiti ko kasuwa a wurinki suke ajiye kaya, su yi sallah, su ba ki labarin wanda ya haihu da gonar da ruwa ya ci. Ba ki taɓa hana kowa ruwa ba, amma moɗar da igiya kika ɗaure ta. Ba ki taɓa ƙin ajiyar kowa ba, amma sai an kwance ƙullin kin ga abin da ke ciki. Wata rana na tambaye ki me ya sa kike taimakon mutanen da ba ki yarda da su ba. Kika ce ƙishirwarsu dai ta gaskiya ce, sauran kuma kina kallo.

Da ƙafafunki suka fara kumbura, numfashi yana yi miki wuya, Baba ya ce a tafi asibiti. Kika ƙi. Kika ce kin gane dabarar: a kwantar da ke can, Sunusi ya zo da injinsa, ki dawo ki tarar an sa ƙofa. Umma ta yi rarrashi, ƙannen Baba suka zo daga Argungu, kika ce duk bakinsu ɗaya. Kwanaki suka yi ta wucewa ciwon yana ƙara tsanani. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, Inna. Likita ya ce da an zo da wuri da ya fi. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, amma ina yawan tuna kwanakin nan.

A ƙarshe Baba ya cire takalmi ya durƙusa a bakin tabarmarki. Bai ce in faɗa miki ba. Da kansa ya rantse cewa muddin kina da rai ba za a kafa ko ƙusa a bangon nan ba. Kika juya fuska ga randa, kika ce in faɗa masa kin ji. Duk da haka, kafin a ɗaga ki zuwa mota, sai da kika sa na yi miki alkawarin zan riƙa dubawa.

Na duba kuwa. Kullum in na taso makaranta sai na shafa bangon hagu da dama ko an yi alama da alli. Har ni na fara zargin Baba. In waya ta shigo masa ya fita waje, sai in kasa kunne. Allah Ya yafe mini, ban taɓa jin komai ba sai maganar magani da jini. Da yamma in na shiga ɗakin jinya, kafin gaisuwa kike tambaya.

"An sa ta?"

"Ba a sa ba, Inna."

Sai ki daɗe kina kallon idona, sannan ki yarda ki sha kunu.

Ranar Litinin, jajibirin rasuwarki, ba ki yi tambayar ba. Kika riƙe hannuna, muryarki can ƙasa, kika ba ni aike na ƙarshe.

"Hwaɗa wa wancan mai mota, in na tahi, shi sa wadda yag ga dama. Ya yi haƙuri da ni ƙwarai. Amma kar shi ba Sunusi."

A garejin maza suka yi zaman makoki. Ya cika har titi, da mutanen da Baba bai taɓa sanin sunansu ba. Sunusi ma ya zo, ya yi addu'a mai tsawo. Wataƙila da zuciya ɗaya ya zo. Amma da ya shafa fatiha na ga ya ɗaga kai yana kallon saman bakin garejin, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da kina nan da kin ce wani abu.

Sai bayan an naɗe tabarmi na iya isar da aikenki. Baba ya sa na maimaita, sannan ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari da ya dawo daga aiki ina tsaye a tsakar garejin da tsintsiya. An share, babu tabarma, babu kowa. Ya tsayar da mota daidai bakinsa, injin yana aiki. Na matsa gefe don ya shigo. Ya daɗe hannunsa a kan sitiyari, sannan ya ja da baya, ya nufi gidan maƙwabcinmu. Har yau can take kwana.

Ban san zuwa yaushe ba. Umma ta fara cewa gida ba ya zama haka, Sunusi kuma ya fara bin titinmu, alhali ba hanyarsa ba ce. Amma yau da yamma na shafa bangon hagu da dama, Inna. Ba a sa ba.

Ya Allah, Ka ji ƙan baiwarKa Hajiya Baiwa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka shayar da ita kamar yadda ta shayar da masu wucewa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifina Malam Abdussamadu da ƙannensa, da mahaifiyata Asiya wadda ta yi jinyarta, da dangi na Argungu da Gulma, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin randarta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu zuwan. Amin.

Rauda Abdussamadu,
Birnin Kebbi.