Mai Makwarwa a Tashar Amedi

Yau ake rufe farauta. A tashar motar garin Amedi na ga wani tsoho yana zaune, taɓo har gwiwa, bindigarsa mai cin harsashi ɗaya jingine da bango. A cinyarsa akwai keji da namijin makwarwa, wanda ake ajiyewa kan dutse ya kirawo wa maharbi 'yan'uwansa.

Bakina ba ya zama. Na ce, "Kawu, wannan ne naman miyar? Ai Inna korarka za ta yi."

Bai ko murmusa ba. "Ɗana, tun safe yake kira. Ba wadda ta amsa. Makwarwar dutsen nan ta ƙare."

Ina jin ba wata Inna da ke jiransa.

Tsuntsun na sake ɗaga wuya zai yi kira, tsohon ya kwance rawaninsa ya lulluɓe kejin, ya bar furfurarsa a sanyi.